Sauraron Ƙwayoyin Ruwa: Yadda Aka Auna Riƙon da Ido Ba Ya Gani

[Taken shiri]

  Gaisuwa ga mutanen Funtua da Malumfashi, da na Bakori, Danja, Ƙafur, Ƙanƙara, Faskari, Dandume da Sabuwa, musamman manoman da ke jinmu daga gona, rediyo na rataye a reshen ɗorawa.

Yau maganar ruwa za mu yi. Ba ruwan madatsar Mairuwa ba, ba ma na randa ba. Ƙwayoyi biyu kacal, daga baya mu ƙara su kai shida. Za mu ji yadda masana suka auna tazarar da ke tsakanin ƙwayar ruwa da 'yar'uwarta, alhali babu idon da ya taɓa ganinsu. Abin da suka yi awon da shi kuwa dangin igiyar nan ne da ke kawo muku muryata yanzu.

Bari mu soma daga akwatin da ke gabanku. Dattawan da suka saba kama BBC ko Muryar Amurka ko Jamus a gajeren zango sun haddace mita 19, mita 25, mita 31. Wannan mitar tsawo ne na gaske, tsawon kaɗawa guda ta igiyar rediyo. Tashoshin FM nasu zangon wajen mita 3 ne. Wayar da ke aljihunka tana magana da dogon ƙarfen da ke bayan gari a kan zangon santimita 33 ko 17. Kwanon tauraron ɗan'adam da ke kan rufi yana kama zango mai kimanin santimita biyu da rabi. Daga wajen santimita 30 zuwa milimita ɗaya, nan ne yankin da ake kira maikurowef. Duk sanda zango ya gajarce, yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ƙaruwa yake. Kaɗawa miliyan ɗaya a daƙiƙa ita ce megahaz, biliyan ɗaya kuma gigahaz. Na kwanon rufin nan yana wajen gigahaz 11 zuwa 12. Ku riƙe wannan adadi, zai yi mana amfani an jima.

To, ƙwayar ruwa fa? Masana na ce mata molekul, wato mafi ƙanƙantar abin da za a iya kira ruwa. Atam uku ne suka haɗu suka yi ta: oksijin ɗaya a tsakiya, haidurojin biyu a gefe. Ba a miƙe suke ba, a lanƙwashe suke, da kusurwa mai digiri 104.5. Daga oksijin zuwa haidurojin fikomita 96 ne. Fikomita kuwa, a ɗauki milimita ɗaya a kan rula, a raba ta gida biliyan, a ɗauki kashi ɗaya. A cikin ɗigon ruwa guda akwai irin waɗannan ƙwayoyi fiye da adadin da za a rubuta da 1 sannan a jera sifili 21 a bayansa.

Oksijin mai son kai ne wajen rabon lantarki. Yana jawo shi ɓangarensa, sai gefensa ya zama negatif kaɗan, gefen haidurojin ya zama fozitif kaɗan. Wannan rashin daidaito shi ne mariƙin da igiyar maikurowef ke kamawa ta juya ƙwayar. Domin kuwa molekul, muddin tana yawo ita kaɗai a cikin iska, juyawa take yi a kan kanta ba hutu.

Ga inda abin mamakin yake. Ba da kowane sauri take juyawa ba. Saurin nata matakai ne ƙididdigaggu, babu tsayawa a tsakanin mataki da mataki. Kafin ta hau daga wannan zuwa na gaba, sai ta haɗiye igiya mai adadin kaɗawar da ya yi daidai da ratar, ba daɗi ba ragi. In ka haska mata wani zango daban, wucewa zai yi, ko gezau. Ita kuma wannan rata abu biyu ke yanke ta: nauyin atam ɗin da ke jikin ƙwayar, da nisansu daga tsakiyar juyin.

Iyayenmu mata masu kaɗi sun san wannan a hannunsu, ko da ba su san lissafinsa ba. Mazari mai babban gululu, mai faɗi da nauyi, ba ya ɗaukar juyi da wuri irin mai ƙaramin gululu. Tsohuwar da ta daɗe tana kaɗa zare, ko ido rufe ka ba ta mazari ta murza, za ta gaya maka girman gululunsa. Haka masanin nan yake yi. Nauyin kowane atam sananne ne. In ya auna zangon da ƙwayar ta haɗiye, sai ya yi lissafi da baya ya fito da tazarar da ke tsakanin atam da atam. Wannan fanni shi ake kira sifekturoskofin maikurowef. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a nan babu gani sam, ji ne kaɗai hujja, kuma hujja ce mai kaifi: ana auna kaɗawa biliyan goma, kuskuren bai wuce dubu ɗaya ko biyu ba.

Wata mai sauraro za ta ce, ai ina da na'urar maikurowef a kicin, ita ma hakan take yi wa tuwo? A'a, Hajiya. Waccan tana aiki a gigahaz 2.45, kuma ba an saita ta a kan wani matakin juyin ruwa ba ne, duk da ana yawan faɗar haka. Ƙwayoyin ruwan da ke cikin tuwo a matse suke, babu mai sararin juyawa. Igiyar tana jijjiga su ne suna gogar juna, zafi ya tashi.

Fannin ya faro ne a 1934, a Jami'ar Michigan ta Amurka, inda wasu masana biyu, Cleeton da Williams, suka haska igiya mai zangon santimita ɗaya da 'yan kai ta cikin iskar amoniya, suka ga ta haɗiye ta. Amma yaƙi ne ya raine shi. A Yaƙin Duniya na Biyu an zuba dukiya wajen ƙera na'urar hango jirage, wato rada, kuma kullum ana neman zango mafi gajarta don hoto ya ƙara fitowa. Injiniyoyin Amurka suka sauko har santimita 1.25. Na'ura ta yi kyau a lokacin da iska ke bushe. Da laima ta shigo sai ganinta ya ragu. Ashe sun faɗa kusa da zangon santimita 1.35, gigahaz 22, wanda tururin ruwa ke haɗiyewa. Asara ce ga sojoji, riba ga malaman jami'a, domin da yaƙi ya ƙare kayan suka zama gwanjo, aka kwashe su zuwa ɗakunan bincike. Cikin waɗanda suka ci moriyarsu akwai Charles Townes, wanda ya ƙera na'urar meza da iskar amoniya a 1954, ita ce yayar leza, ya kuma sami kyautar Nobel a 1964. Shi da abokan aikinsa ne suka juya kwanon rediyo sama, suka jiyo amoniya a tsakanin taurari a 1968, suka jiyo ruwa a 1969.

Wannan duk labarin ƙwaya ɗaya ne tilo. Namu na yau na biyu ne zuwa sama.

Riƙo iri biyu ne a duniyar sinadarai. Akwai mai ƙarfi, wanda ya ɗaure haidurojin da oksijin a cikin ƙwaya guda. Akwai kuma mai rauni, wanda ke tsakanin ƙwaya da maƙwabciyarta. Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Holan, Johannes van der Waals, shi ya nuna a 1873 cewa dole akwai irin wannan jan, in ba haka ba babu iskar da za ta taɓa zama ruwa. Har yau da sunansa ake kiran wannan ƙarfi. Shi ne ma ke riƙe tsaka a jikin bango da silin: ba danƙo ba ne a ƙafarta, miliyoyin gashi ne sirara da ke kusantar bangon har jan ya kama. Na ruwa kuwa ya fi wannan ƙwari kaɗan. Haidurojin ɗin wannan ƙwaya, mai fozitif, yana miƙawa wajen oksijin ɗin waccan, mai negatif. Latimer da Rodebush ne suka bayyana shi a 1920, ana ce masa ɗaurin haidurojin.

Rauninsa na gaske ne. Raba ƙwayoyin ruwa biyu da suka riƙe juna yana cin kilojul 13 a ma'aunin masana. Tsinka ɗaurin da ke cikin ƙwayar kanta yana cin sama da 450. An ninka fiye da sau 30 ke nan. Amma ku dubi aikin da mai raunin ke yi. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidurojin salfayid, ƙirarta ɗaya da ruwa, ta ma kusa ninka shi a nauyi. Bisa ƙa'ida ita ya kamata ta fi wuyar tafasa. Sai ga shi tana tafasa a digiri 60 ƙasa da sifili, ruwa kuwa sai ya kai 100 a sama. Ba don ɗaurin haidurojin ba, da babu kogi, babu rijiya, babu jini a jijiya. Da duk tururi ne.

Shi ne kuma sirrin tulu da randa. Kafin ƙwaya ta tashi daga jikin tulu ta bi iska, sai ta tsinka riƙon da ke tsakaninta da 'yan'uwanta, kuɗin tsinkawar kuma zafi ne, daga ruwan da ya rage ake cire shi. Mayar da lita ɗaya tururi yana cin zafin da ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata a ɗaga ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. A kan wannan Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don ajiye tumatir da yalo da alayyahu, har ta kai shi ga kyautar Rolex a shekarar 2000.

Auduga fa, wadda ita ta ɗaga sunan Funtua tun zamanin kamfanin BCGA da jirgin ƙasan Zariya zuwa Ƙauran Namoda? Zaren auduga dogayen sarƙoƙi ne na sukarin gulukos, kuma kowace gaɓa tana da hannuwa na oksijin da haidurojin. Da waɗannan hannuwa sarƙoƙin ke riƙe juna, shi ya sa zaren ke da ƙwari. Da su kuma suke kama ƙwayoyin ruwa daga iska, shi ya sa rigar auduga ke shan gumi, ta leda ba ta sha. A cinikin duniya an amince auduga ta ɗauki laimar da ta kai kashi 8.5 cikin ɗari na busasshen nauyinta. Wanda ya yi aiki a gidan gurza ko masaƙa ya san in hunturu ya busar da ita sosai, zare yakan yi ta tsinkewa. Masu yayyafa mata ruwa da dare don ta yi nauyi a sikeli kuwa, su ma ɗaurin haidurojin suke ci da shi, sai dai ba ta hanyar halal ba.

[Kiɗan garaya kaɗan]

Madalla. Ga waɗanda suka kamo mu yanzu, muna maganar yadda ake auna riƙon da ke tsakanin ƙwayoyin ruwa ne.

Masana sun yi shekaru hamsin suna magana a kan wannan ɗauri ba tare da sun taɓa auna shi shi kaɗai ba. Dalili kuwa a fili yake. A cikin ruwan kofi kowace ƙwaya tana riƙe da kusan huɗu, kuma riƙon na tsinkewa yana sake ƙulluwa cikin kimanin kashi ɗaya bisa tiriliyan na daƙiƙa. Duk abin da ka auna, na taro ne. In kana son ka san ainihin ɗauri ɗaya, sai ka ware ƙwayoyi biyu kacal, ka nisanta su da kowa, ka kuma sanyaya su sosai, don ko ɗumin ɗaki ya isa ya raba su. Ba a nan gizo ke saƙar ba ma: in ka sanyaya tururi ta hanyar da aka saba, raɓa zai zama a jikin bango, ka rasa komai.

Dabarar da aka samo tana da daɗin ji. Ana gauraya ɗan tururin ruwa da iskar da ba ta shiga harkar kowa, irin su hiliyom, niyon ko agon, a matse su a cikin tulun ƙarfe. Sai a buɗe wata 'yar ƙofa da ba ta fi milimita ɗaya ba, iskar ta feso cikin wani babban ɗaki na ƙarfe da aka zuƙe iskarsa tas. A bakin ƙofar ƙwayoyin na ta karo da juna, duk hargitsin zafinsu ya koma gudu ta fuska ɗaya, gudun da ya fi na sauti. Cikin 'yan santimita kaɗan juyinsu ya yi sanyin digiri ɗaya ko biyu a kan ƙarshen sanyi, wato wajen 271 ƙasa da sifili, ƙarshen kuwa 273 ne. Wannan ya fi sanyin sararin da ke tsakanin taurari. A cikin wannan ɗan lokaci wasu ƙwayoyin sukan manne bibbiyu, uku-uku, shida-shida, sannan su ci gaba da tafiya ba mai taɓa su. Waɗannan su ne gungun da ake saurare.

William Klemperer na Jami'ar Harvard da ɗalibansa suna cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya a farkon shekarun 1970. Ɗaya daga cikin ɗaliban, Thomas Dyke, tare da John Muenter, shi ya jiyo tagwayen ruwa a 1974, suka fitar da cikakken siffarsu a 1977. Ga abin da suka samu. Riƙon hannu ɗaya ne: ƙwaya ɗaya ta miƙa haidurojin guda, ɗayar ta karɓa da oksijin ɗinta, kuma atam ukun nan kusan a layi ɗaya suke. Daga oksijin zuwa oksijin fikomita 298. Matakin farko na juyinsu kuwa yana wajen gigahaz 12, wato dab da zangon da kwanon rufinku ke kamo ƙwallon Turai da shi.

A ƙanƙara tazarar nan fikomita 276 ce. Ku lura da bambancin: 298 in su biyu ne, 276 in suna da yawa. Ma'ana, ɗaurin ba ya tsayawa yadda yake. Ƙwayar da aka riƙe ta nan, riƙon da take yi ta can ƙara ƙarfi yake, kowa ya ƙara matsowa. Richard Saykally na Berkeley ya bi wannan sawu a shekarun 1990 da igiya mai zangon da ya fi gajarta: uku, huɗu, biyar, duk zobe suke yi, kuma tazarar na raguwa, har a biyar ta kusa kai ta ƙanƙara. Duk wanda zai koya wa kwamfuta halin ruwa, in ya ɗauka ɗauri goma ninkin ɗaya ne sau goma, ya yi kuskure tun daga tushe.

Sai wani abu da ya ba su mamaki. Inda lissafi ya ce za a ji layi ɗaya, sai aka ji ya rabu gida-gida. Ashe tagwayen ba zaune suke ba. Mai miƙawa takan koma mai karɓa, mai karɓa ta koma mai miƙawa, haidurojin na musayar gurbi. Zama takwas suke da shi masu kama ɗaya, suna ta zagayawa a tsakaninsu. A wannan sanyi ba su da ƙarfin tsallake shingen da ke tsakanin zama da zama. Ba tsallakewa suke ba, ratsawa suke yi. Dokar kwantam ta yarda ƙaramin abu irin haidurojin ya bayyana a ƙetaren shingen da bai da ƙarfin hawa. Hankali ba ya son wannan magana, nawa ma haka, amma rabuwar layin tana nan, kuma duk ɗakin binciken da ya auna, adadi ɗaya yake samu.

Na'urar da ta yaɗa wannan aiki a duniya Balle da Willis Flygare ne suka ƙera ta a Jami'ar Illinois daga 1979. Madubin ƙarfe biyu ne masu kwarmi suna fuskantar juna a cikin ɗakin da aka zuƙe. Ana feso iska a tsakaninsu, a watsa mata maikurowef na kimanin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, a kashe, a kasa kunne. Gungun da aka taɓa sai su amsa, su mayar da igiya a kan nasu zangon, amsar na dusashewa a hankali. Kwamfuta ta ɗauka ta rarrabe ta da lissafin Bafaranshen nan Joseph Fourier. Flygare bai daɗe ba ya rasu, a 1981, amma na'urar na nan da sunansu. Aibinta ɗaya, jinkiri: ɗan guntun zango take ji a lokaci guda, sai a gusa madubi a sake, mutum ya yi makonni. A wajen 2008 Brooks Pate na Jami'ar Virginia ya kawo gyara, ya ƙera mai watsa igiyar da ke share faɗin gigahaz 11 a bugu ɗaya.

Da irin wannan na'ura aka warware rigimar shida. Me ya sa shida? Domin daga nan ne gungun ruwa ke daina zama zobe shimfiɗaɗɗe, ya tashi ya yi tsayi da faɗi da kauri, har wasu na ce masa mafi ƙanƙantar ɗigon ruwa. Masu lissafi sun daɗe suna jayayya a kan siffarsa, saboda siffofi da dama ƙarfinsu ya zo kusan ɗaya. A 2012 Pate da abokan aikinsa, cikinsu da Cristóbal Pérez da Zbigniew Kisiel na Warso a ƙasar Polan, suka buga a mujallar Science cewa sun ji guda uku a feshi ɗaya. Akwai wanda suka kira keji. Akwai mai kusurwa uku a sama da uku a ƙasa, firizim. Akwai mai kama da buɗaɗɗen littafi. Da suka sauya iskar da ke ɗauke da tururin, sai alamu suka nuna keji ne ya fi kwanciya.

Yadda suka gano mazaunin kowace ƙwaya shi ya fi burge ni a duk labarin. Oksijin na yau da kullum nauyinsa 16 ne, amma akwai wani mai 18, halinsu ɗaya, nauyi ne kawai ya bambanta. Sai suka gauraya ruwa mai oksijin 18 a ciki, yadda a gungu mai ƙwayoyi shida za a sami ƙwaya ɗaya mai nauyi. Mu koma kan mazarinmu: in ka liƙa ɗan yumɓu a bakin gululu, juyin zai canza sosai, in kusa da sandar ka liƙa, kaɗan zai canza. Haka nan, yawan gocewar da layi ya yi shi ke faɗin nisan wannan oksijin daga tsakiya. Gurbi shida, gociya shida, sai ga taswira ta fito. Lissafin wannan dabara Kraitchman ne ya tsara shi tun 1953. A 2016 kuma, su Pate tare da masanan Kambirij ta Ingila suka nuna cewa a cikin firizim ƙwayoyi biyu kan juya tare, ɗauri biyu su tsinke a lokaci guda, ta hanyar ratsa shingen nan da muka ambata.

Na san akwai mai cewa, Malam, wannan zai rage kuɗin buhun taki? Ba zai rage ba, kuma ba na son irin kimiyyar da ake tallata wa jama'a da alkawarin ƙarya. Amfaninsa a zagaye yake zuwa. Yau da kwamfuta ake gwada yadda sabon magani zai manne a jikin ƙwayar cuta, kuma mannewar da irin wannan riƙo mai rauni ne. Ta yaya za a san lissafin kwamfutar gaskiya ne? Sai an gwada shi a kan abin da aka auna ba shakka, irin 298 ɗin nan da siffofin shida. Taurarin ɗan'adam masu duba yanayi ma suna auna laimar sama ne ta hanyar sauraron ruwa a kusa da gigahaz 22 da kuma 183, kuma irin waɗannan bayanai na shiga cikin lissafin hasashen damina.

Kada kuma ku ɗauka tagwayen ruwa sai a ɗakin binciken Turawa. Suna nan a kanmu. A iska mai laima sosai, kimanin ƙwaya ɗaya cikin dubu tana manne da wata na ɗan lokaci. Masanan Rasha a birnin Nizhny Novgorod sun jiyo su a tururi mai ɗumin ɗaki a 2013. Yawansu kuma ba tafiya ɗaya yake da laima ba: in laima ta ninka biyu, su huɗu suke ninkawa, in ta ninka uku, tara. Don haka iskar Funtua ta watan Agusta, lokacin marka, ta fi ta Janairu yawan tagwaye nesa ba kusa ba, kuma suna cikin abin da ke tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama da dare.

Manomi ma yana da rabo a nan. Takin yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne. In ya sauka a gona, wani sinadari da ke cikin ƙasa yana farfasa shi ya zama amoniya, ita kuwa iska ce, tana tafasa tun a digiri 33 ƙasa da sifili. Abin da ke tsayar da ita ruwa ne. Dyke ɗin nan, tare da Herbine, sun auna gungun amoniya ɗaya da ruwa ɗaya a 1985, suka ga ruwan ne ke miƙa haidurojin ga naitirojin. Da wannan riƙo lita ɗaya ta ruwa ke iya shanye iskar amoniya kusan lita 700. Amma a tsakanin su biyun nan riƙo ne kawai, haidurojin bai ƙaura ba. Sai in ruwa ya yi yawa kewaye da ita sannan amoniya kan karɓe shi gaba ɗaya ta zama amoniyom, wanda yumɓun ƙasa ke iya kamawa ya ajiye wa saiwar masara. Shi ya sa malaman gona, tun daga na cibiyar Samaru har zuwa na ƙaramar hukuma, ke nanata cewa a tona a binne yuriya a ƙasa mai danshi, kada a watsa ta a fili rana na duka. Warin da ke sukar hanci a gonar da aka watsa, kuɗin manomi ne ke tashi.

Wannan ya kawo tambayar da masana suka daɗe suna bi: ƙwayoyin ruwa nawa ake bukata kafin su fara aikin ruwa, wato su narkar da abu? An gwada da haidurojin kulorayid, sinadarin da in ya narke yake zama ruwan asid irin wanda ke cikin tumbinmu. Da ruwa ɗaya, biyu, uku, riƙo ne kawai, sai dai ɗaurin cikinsa na ta ƙara miƙewa. A 2024 ayarin Melanie Schnell a Hambog ta Jamus suka saurari atam ɗin kulorin da maikurowef, suna ƙara ruwa ɗaya bayan ɗaya. A feshinsu, da ƙwayoyin ruwa suka kai biyar, haidurojin ya saki kulorin ya koma jikin ruwa.

Lokaci ya cim mana, jama'a. Ɗalibai masu tambaya a kan lissafin juyin nan, ku aiko, za mu amsa a shiri na gaba. Sai Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

[Taken shiri]